Kasuwar Wasannin Bidiyo: A Tambayi Na Tsakiya Kafin A Sayar Da Fili

Sharhinmu na yau a kan wasannin bidiyo ne, abin da yaranmu ke kira gem. Ba ta ɓangaren tarbiyya da ɓata lokaci za mu ɗauke shi ba, wannan malamai da iyaye sun sha magana a kai. Ta ɓangaren sana'a za mu duba shi. A 'yan shekarun nan an samu matasa a Yola da Jimeta da buga wasa ya daina isar su, suna son su ƙera nasu su sayar. Wasu ɗalibai ne a Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, wasu a Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke cikin Yola, wasu kuwa YouTube ne kaɗai malaminsu. Gwamnatin tarayya ma ta sa hannu, domin shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a 2023 da niyyar horar da matasa miliyan 3 ya lissafa ƙera wasanni cikin fannoninsa. Wannan abin farin ciki ne, kuma ina cikin masu fatan ya ɗore. Abin da ke damuna shi ne mudun da ake auna kasuwar da shi a wajen taruka da hirar majalisa. Kullum sunaye huɗu ko biyar ake jerowa, na waɗanda suka yi fice a duniya, sai a ce ga abin da ke jiran wanda ya shiga. Ni kuwa a ganina, kasuwa ana gane ta ne daga abin da mutumin tsakiya ke komawa gida da shi, kuma a wannan kasuwa tazarar da ke tsakanin na sama da na tsakiya ta wuce yadda mafi yawanmu ke zato.

Sunayen da ake jerowa kun san su. Akwai Minecraft, wanda wani ɗan ƙasar Suwidin, Markus Persson, ya fara a 2009, Microsoft ya saye kamfaninsa a 2014 a kan dala biliyan 2.5. Akwai Flappy Bird na Dong Nguyen ɗan Biyetnam, ɗan ƙaramin wasan waya na tsuntsu mai ratsawa tsakanin bututu, wanda a farkon 2014 mai shi ya ce yana kawo masa kimanin dala 50,000 a rana daga talla. Akwai Stardew Valley, wasan noma da kiwo da Eric Barone ya yi shi kaɗai a Amurka, ya fito a 2016, aka sayi fiye da kwafi miliyan 30. Babu ƙarya ko ɗaya a waɗannan labarai. Sai dai suna nuna mana ƙololuwar abin da zai iya faruwa ne. Uban da ɗansa ya zo masa da maganar a sayar da filin da ke Bajabure ko Sangere a saya masa kwamfuta mai ƙarfi da sola, abin da aka saba gani yake son ji, domin da shi zai yanke shawarar rabuwa da filin ko riƙe shi.

Wannan irin tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk shekara idan Babbar Sallah ta gabato, hoton wani rago ɗaya yakan zagaye wayoyi, an wanke shi tas, an sa masa kuɗi sama da naira miliyan 1. Mai turka na gaske yakan kalla ya yaba, amma ba da wannan rago yake lissafinsa ba. Zai je karar Ngurore ya zagaya, ya dafa bayan wannan, ya buɗe bakin wancan ya duba haƙora, ya tsaya ya ji nawa ake taya ragunan da suka fi yawa a turaku. Zai ja dillali gefe ya tambaye shi nawa aka sallama irinsu bara, guda nawa kuma suka yi kwantai har aka mayar da su gida bayan Sallah. Sannan ya cire kuɗin dusa da harawa da magani da la'ada. Abin da ya rage a hannunsa shi yake kira kasuwa. Wannan hankali muna da shi tun kaka da kakanni. Da zarar an ambaci kwamfuta da dala ne kawai muke ajiye shi a gefe.

To bari mu yi irin wannan zagaye a kasuwar wasanni. Babbar kasuwar wasannin kwamfuta a duniya ita ce Steam, ta kamfanin Valve na Amurka, wadda aka buɗe a 2003. Da can sai wanda kamfanin ya zaɓa ke kasa kayansa a ciki, kuma har zuwa 2013 sababbin wasannin da ke fitowa a shekara 'yan ɗaruruwa ne. A 2017 aka buɗe ƙofa ga kowa: ka biya dala 100, ka cike takardu, wasanka ya shiga. A 2023 wasanni sama da 14,000 suka fito. A 2024 sun haura 18,000, wato kusan 50 ke nan a kowace rana ta Allah. Masu saye sun ƙaru, gaskiya ne, amma sa'o'in da ke cikin yininsu ba su ƙaru ba, kuma tsofaffin wasanni irin su Counter-Strike da Dota 2 na nan riƙe da mutanensu. Valve da kansa ya nuna cewa kashi 15 cikin 100 kacal na lokacin da mutane suka shafe suna wasa a 2024 ya tafi ga wasannin da suka fito a 2024 ɗin. Wasanni 18,000 ne ke rububin wannan kashi 15, kuma a cikinsu akwai na manyan kamfanoni masu kashe miliyoyin daloli a talla kawai. Valve na da wani mataki da sai wasa ya samu masu saye da masu bugawa daidai gwargwado kafin a buɗe masa wasu damarmaki a shafinsa. Kusan 4 cikin kowane 5 na wasannin 2024 shekara ta ƙare ba su taka wannan mataki ba. Masu bibiyar kasuwar sukan saɓa a ƙiyasinsu, amma sun haɗu a kan cewa fiye da rabin wasannin ƙananan masu ƙira ba sa tara dala 5,000 tun daga fitowarsu har a manta da su.

Wani zai ce, to ina biliyoyin da ake faɗa? Suna nan. Kasuwar wasanni ta duniya na juya sama da dala biliyan 180 a shekara, kusan rabi daga wasannin waya. Inda ake ruɗin mutane shi ne wajen rabo. Mu ƙaddara wasanni 100 ne suka fito. Ɗaya ya samu dala miliyan 1, sauran 99 kowanne ya samu dala 500. Idan aka tara kuɗin aka raba daidai a takarda, kowane wasa zai tashi da kimanin dala 10,500, kuma mai jawabi a taro zai iya faɗin wannan adadi ba tare da ya yi ƙarya ba. Amma a cikin mutum 100 ɗin nan babu ko ɗaya da ya riƙe dala 10,500 a hannunsa. Idan aka jera su sahu daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, aka taɓa kafaɗar wanda ke tsaye a tsakiyar sahun aka tambaye shi, zai ce dala 500. A sana'o'in da samun mutane ke kusa da juna, kamar ɗinki ko tuƙin Keke Napep, waɗannan lissafi biyu ba sa nisa da juna, shi ya sa ba mu saba bambanta su ba. A kasuwar wasanni kuwa, inda kwafi na miliyan ɗaya bai fi kwafi na biyu tsadar bugawa ba, kuma kowa na son ya buga abin da abokansa ke bugawa, kuɗin kan taru ne a hannun 'yan ƙalilan.

A nan ne zuciyar maganar take, kuma ina roƙon matasanmu su kasa kunne. Akwai waɗanda lissafin rabon daidai ya dace da su, domin su suna da hannu a cikin kowane wasa. Valve na karɓar kashi 30 cikin 100 na cinikin wasa, babba ko ƙarami, sai cinikin ya haura dala miliyan 10 kafin ya rage kason. Google na karɓar kashi 15 na dala miliyan 1 ta farko a Play Store. Idan wasanni 99 suka faɗi ɗaya ya tashi, su ba su yi asara ba, na ɗayan ya biya su. Haka mai zuba jarin da ya raba kuɗinsa a kamfanoni 30 yana jiran guda ya haifa masa riba. Waɗannan suna da hujjar kallon na sama. Saurayin da ke Jambutu ko Wuro Hausa kuwa, kwamfuta ɗaya gare shi, shekara biyu ko uku gare shi kafin gida su fara tambayar ina aka kwana, kuma wasa ɗaya ko biyu zai iya kammalawa a wannan lokaci. Shi ba ya cikin masu rabon daidai. Abin da ya fi kusa da samunsa shi ne abin da na tsakiyar sahu ya samu. Idan ya ɗauki lissafin mai kasuwa ya ɗora wa kansa, ganin kitse yake yi wa rogo.

Ko labaran na saman ma, idan aka ba da su cikakku, wani abu daban suke koyarwa. Kamfanin Rovio na ƙasar Finlan ya yi wasanni 51 kafin Angry Birds a 2009, kuma yana dab da durƙushewa lokacin da wannan ya fito. Among Us ya fito a 2018 ya zauna shiru kusan shekara biyu, sai da kullen korona ya zo a 2020 masu nuna wasa kai tsaye a intanet suka ɗauke shi. Zamani ne ya juyo ta kansa. Eric Barone ya shafe shekara huɗu da rabi yana aikin Stardew Valley, yana haɗawa da ɗan aikin nuna wa mutane kujera a gidan kallo don ya samu na abinci. Ta ɗaya gefen kuma, Sony da duk kuɗinsa da gwanayensa ya fitar da wasan Concord ranar 23 ga Agusta 2024, ya rufe shi ranar 6 ga Satumba, ya mayar wa mutane kuɗinsu, sannan ya rufe kamfanin da ya ƙera shi. Idan waɗanda suka fi kowa sanin kasuwar ba sa iya faɗin wasan da zai tashi, bai kamata mu bar yaro ya gina rayuwarsa a kan cewa nasa ne zai tashi ba.

Akwai suka da ake yi wa wannan lissafi, kuma tana da ƙarfi. Ana cewa dubban wasannin nan galibinsu tarkace ne: aikin gwaji na ɗalibai, kwaikwayon na wasu, abin da aka haɗa cikin mako ɗaya. Idan aka cire su, na tsakiya zai ɗaga sama. Haka ne, zai ɗaga. Sai dai a kula da yadda ake cirewar. Idan sai bayan wasa ya faɗi ne za a kira shi tarkace a fitar da shi daga lissafi, to an koma gidan jiya, an sake kallon waɗanda suka ci kawai. Kuma babu mai ƙira da ke ganin nasa tarkace ne a ranar da ya fitar da shi. Hanyar adalci ita ce mutum ya zaɓi sahunsa tun kafin ya ga sakamako: wasan farko, na mutum biyu ko uku, ba babban kamfanin da ya tsaya masa, ba kuɗin talla, kuma irin nau'in da shi ma yake son yi. Ya tattara duk waɗanda suka fito bara a wannan sahu, masu kyau da marasa kyau, ya duba na tsakiyarsu. Wannan aiki ba ya buƙatar izinin kowa. Steam na nuna adadin waɗanda suka rubuta ra'ayi a kan kowane wasa, kuma masu sana'ar sukan ninka wannan adadi sau 30 zuwa 50 su ƙiyasta yawan waɗanda suka saya. Play Store ma na nuna kimanin yawan waɗanda suka sauke kowace manhaja. Ɗalibi a Girei zai iya gama wannan bincike da yammaci ɗaya, kuma ya fi masa amfani fiye da jawabin ƙarfafa gwiwa goma.

Suka ta biyu ita ce wadda aka fi ji a nan gida. Ana cewa abin da Bature ke kira faɗuwa, a Jimeta arziki ne, domin dala ta yi tsada. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. To mu yi lissafin tare. Mu ɗauka wasa ya yi cinikin dala 5,000, wanda mun riga mun ji ya fi abin da na tsakiya ke samu. Valve ya cire nasa, saura 3,500. A kan naira 1,500 na 2024, naira miliyan 5 da dubu 250 ke nan, kuɗin da duk wanda ya ji zai gyara zama. Amma idan mutum uku ne suka shafe shekara biyu suna aikin, kowannensu ya tashi da kimanin naira 73,000 a wata, kusan daidai da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Kuma ba mu cire komai ba tukuna. Ba mu cire waɗanda suka mayar da wasan aka ba su kuɗinsu ba, domin Steam na yarda da hakan cikin kwana 14 ga wanda bai buga na awa biyu ba. Ba mu cire harajin kashi 30 da Amurka ke riƙewa daga abin da aka sayar wa mutanenta ba, tun da babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Najeriya. Kuma dalar da ke daɗi wajen karɓa ita ce ke ɗaci wajen sayen kwamfuta da batir da faifan sola.

Sannan ga kuɗin zama a Yola kanta. Kwamfutar da ke zana wasa tana shan wuta tana fitar da zafi, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, na'ura ma kan gaji kafin mai ita. A Afrilun 2024 da ɓarayi suka kayar da turakun babban layin wuta tsakanin Jos da Gombe, Yola da Jalingo sun shafe makonni cikin ƙarancin wuta. Man fetur da bai kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a Mayun 2023 ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50. Duk da haka sukar na da rabin gaskiya, kuma zan ba ta haƙƙinta. Haya da abinci a nan sun fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan Legas, balle Landan, saboda haka matashin Yola zai iya jure gwaji na tsawon lokaci. Dala 500 ɗin da na tsakiyar sahu ya samu, ga wanda ke da wani aikin da rana, yake ƙera wasa da dare, alheri ne na gaske. Ga wanda ya bar makaranta ko aka sayar masa da fili kuwa, dala 500 ɗin nan asara ce da za a daɗe ana jin ta a gida.

Suka ta uku ita ce ta fi taɓa ni, domin ina so a ce ta tabbata. Ana cewa me ya kai mu Steam, bayan muna da kasuwarmu da ba wanda ya taɓa? Wani rahoton kamfanonin Newzoo da Carry1st ya ce masu buga wasa a Afirka kudu da Sahara sun tashi daga miliyan 77 a 2015 zuwa miliyan 186 a 2021, kashi 95 cikin 100 a waya. Ga masu jin Hausa miliyoyi, ga masu jin Fulatanci daga nan har Garwa da Marwa da Ngawundere a Kamaru. Ga dara, ga langa, ga dambe da kokawa da sharo, ga tarihin masarautar Fombina tun daga Modibbo Adama da ya kafa Yola a 1841, duk suna jiran mai mayar da su wasa. Wannan dukiya ce, kuma idan 'ya'yanmu ba su yi ba, wani zai zo daga nesa ya yi. Amma yawan masu bugawa daban, yawan masu biya daban. Yaron Jimeta yana da Free Fire da Call of Duty Mobile da Dream League Soccer a wayarsa, duk kyauta ya sauke su, ko ma abokinsa ya tura masa ta Xender. Wasanka zai yi kokawa da waɗannan ne a kan ɗan gurbin da ya rage a waya. Idan ya so ya biya ma, an daɗe hanyar ba ta miƙe ba, domin a 2022 bankuna da yawa sun dakatar da sayayya a waje da katin naira. Sai a koma dogaro da talla, kuma abin da masu talla ke biya a kan idon ɗan Najeriya ɗan kaɗan ne idan aka gwada da na ɗan Amurka. Google kuma ba ya turo kuɗin talla sai ya taru ya kai dala 100. Wasa zai iya zagaye Adamawa baki ɗaya, kowa na yabon sa, mai shi bai ga kuɗin cajin waya ba.

Wanda ya fi kowa sanin wannan kasuwa a garin nan shi ne mai gidan gem. Ku leƙa ɗaya a Doubeli ko Luggere bayan La'asar. Ɗan shago ne da benci biyu, talabijin biyu ko uku a jikin bango, na'urar wasa ta PS a ƙarƙashin kowace, janareta na kuka a bakin ƙofa. Yara sun yi layi, wannan ya ɗauki Real Madrid, wancan Barcelona, pad ɗin da ke hannun ɗaya an naɗe shi da salatif saboda tsufa. Mai shagon na zaune a gefe yana ƙirga wasa, yana karɓar canji, kunnensa na kan janareta. Wannan mutum zai faɗa maka abin da yake samu ranar Talata ta tsakiyar zangon karatu, da abin da yake samu lokacin hutu, da na ranar Sallah da shagon ke cika har waje. Kuma da cinikin Talatar yake lissafin haya da mai. Shi ne ke cin abinci daga wasannin bidiyo a Jimeta yau, shi da mai gyaran PS da pad, da mai loda wasanni a waya a kasuwar 'yan waya. Samunsu ba mai yawa ba ne, amma na tsakiyarsu na komawa gida da cefane. Duk mai shirin bunƙasa wannan fanni a Adamawa da bai zauna da su ya ji lissafinsu ba, ya tsallake mutanen da suka san nawa yaro ke iya fitarwa daga aljihunsa don wasa.

Waɗanda suka riga mu a nahiyar nan ma tafiyarsu ta nuna haka, kuma daga na gaba ake ganin zurfin ruwa. Maƙwabtanmu na Kamaru suna da Kiro'o Games a Yawunde, na Olivier Madiba, wanda ya fitar da Aurion a Steam a Afrilun 2016, fiye da shekara 10 bayan fara tunanin wasan, bayan fama da ɗaukewar wuta da tara jari daga hannun ɗaiɗaikun mutane. A Legas, Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012, ya haɗa ƙira da horar da matasa tare da Google tun 2021, sai a 2024 ya fitar da wasa da haɗin gwiwar Disney. Shekara 12 ke nan. Babban jarin da ya shigo fannin a Afirka kuwa, kamar dala miliyan 27 da Carry1st na Afirka ta Kudu ya tara a 2023, ya tafi ne ga kamfanin da ke riƙe da wasanni da yawa a hannu ɗaya, yake kuma gina hanyar da ɗan Afirka zai biya kuɗi cikin sauƙi. Masu kuɗin sun san inda rabon daidai yake, can suka kai kuɗinsu.

Na san wasu za su ce wannan magana kashe gwiwa ce, kuma da Markus Persson ya tsaya lissafin na tsakiya da babu Minecraft. Amsata ita ce Persson yana da aikin rubuta manhaja da ake biyan sa albashi lokacin da ya fara, kuma sai da wasan ya fara kawo kuɗi ya bar aikin. Sanin na tsakiya ba ya hana shiga, yana gyara yadda za a shiga ne. Wanda ya san wasansa na farko da wuya ya mayar da kuɗinsa zai yi shi ƙarami, na wata uku, ya fitar, ya ga abin da mutane suka yi da shi, ya sake wani. Zai riƙe karatunsa ko shagonsa. Zai fara da kwamfutar da ke hannunsa da dala 25 ta rajista a Play Store. Zai karɓi aikin kwangila, ya yi wa makaranta wasan koyar da lissafi da Hausa ko Fulatanci, ko ya yi wa wata ƙungiya wasan wayar da kai a kan tsafta ko ambaliyar Binuwai, inda aka yi ciniki tun kafin a fara aiki. Irin wannan mutum zai iya gwadawa sau goma, kuma mai gwaji goma ya fi mai gwaji ɗaya kusa da dacewa. Abin da ke kashe gwiwa da gaske shi ne a cika yaro da labarin biliyoyi, ya zuba komai a wasa ɗaya, mutum 40 su sauke, ya ɗauka shi ne ya gaza alhali abin da aka saba gani ne ya same shi. Da yawa daga nan suke barin kwamfuta gaba ɗaya, a yi asarar gwanin da aka fara samu.

Gwanintar kuwa ita ce ribar da ta fi tabbas. Wanda ya iya manhajar ƙera wasa irin Unity ko Godot, ya iya rubuta manhaja da zane mai motsi da haɗa sauti, ya kuma saba kammala aiki, zai samu masu neman sa a banki da kamfanonin sadarwa da masu talla da masu shirya fim. Ko a nan ma kada a yi masa alƙawarin albashin dala, domin masana'antar wasanni ta duniya ta sallami ma'aikata sama da 10,000 a 2023, ta sallami fiye da haka a 2024, Microsoft kaɗai ya sallami 1,900 a Janairun 2024. Amma na tsakiyar masu wannan gwaninta yana samun abin yi, saɓanin na tsakiyar masu jiran wasa ɗaya ya tashi.

Saboda haka kirana ga jami'o'inmu biyu, da cibiyoyin horarwa masu karɓar kuɗin iyaye, da jami'an gwamnati masu shirya bikin yaye ɗalibai, shi ne su canja abin da suke nuna mana. An saba a fito da yaro ɗaya ko biyu da suka yi zarra, a tafa musu, a ɗauki hoto. Sun cancanci tafin. Amma shirin da ya horar da matasa 200 ya kawo mana lissafin 200 ɗin bayan shekara guda: nawa suka kammala wasa ko da ɗaya ne, nawa suka samu kuɗi daga gare shi kuma nawa ne kuɗin, nawa suka samu aiki da abin da suka koya, nawa suka koma inda suka fito. Lambobin wayarsu na hannun masu shirin, kiran su ba zai ci mako biyu ba. Iyaye kuma, idan an zo muku da takardar kwas ko maganar jari, ku tambayi mai kwas ɗin abin da ɗalibinsa na tsakiya a ajin bara yake samu a wata. Idan ya ba ku amsa da adadi, ku zauna da yaron ku yi lissafi a kai. Idan ya koma ba ku labarin Minecraft, ku riƙe takardar filinku har sai ya kawo adadin.